Siffanta Hujja Kafin Hukunta Ta: Nazari a Kan Tambayoyin Salon Kafa Dalili a Jarrabawar LSAT



Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami yana sauraron ɗalibai biyu suna ja-in-ja a kan wata mas'ala ya san cewa, in aka waiwayo aka tambaye shi wane ne ya fi gaskiya, amsa ba za ta yi masa wuya ba, domin zuciya takan karkata tun kafin a rufe baki. Amma in aka ce ya faɗi ta wace hanya na biyun ya bi har ya raunana maganar na farko, shin muƙaddimarsa ya musa, ko misali ya kawo wanda ya karya ƙa'idar, ko kuwa wani dalili dabam ya kafa ya bar na abokin nasa a tsaye, sai a ga ya yi shiru yana sosa ƙeya. Wannan tambaya ta biyu ita ce maudu'in maƙalata, kuma na zaɓi in dube ta a inda aka mayar da ita abin auna mutane da maki, wato jarrabawar shiga makarantun koyon aikin lauya ta Amurka da Kanada, wadda aka fi sani da haruffanta huɗu, LSAT.

Ya kamata in fara da bayyana mahallinta, saboda tsarinsu ya saɓa wa wanda muka sani. A Nijeriya yaro yakan shiga sashen shari'a na jami'a kai tsaye daga sakandare, ya yi shekara biyar, sa'an nan ya wuce makarantar horar da lauyoyi. A Amurka kuwa sai mutum ya gama digirinsa na farko a kowane fanni ya ga dama, tarihi ne ko kimiyyar sinadarai ko kiɗa, kana ya nemi shiga makarantar shari'a ya yi shekara uku. To, da yake masu neman sun fito daga fannoni barkatai da jami'o'in da makinsu bai yi daidai da juna ba, sai aka bukaci ma'auni guda wanda bai dogara da sanin doka ba ko kaɗan. A 1945 Frank Bowles, jami'in ɗaukar ɗalibai a Jami'ar Kolombiya, ya fara neman a tsara irin wannan gwaji, aka gudanar da na farko a Fabrairun 1948, kuma har yau majalisar da ake kira LSAC, mai mazauni a garin Newtown na jihar Pennsylvania, ita ke riƙe da ragamarsa. Tun 1991 makin yana tsakanin 120 da 180. Namu da suka riga suka sami digirin shari'a a gida, suna neman digiri na biyu a can, galibi ba a ɗora musu wannan jarrabawa. Wanda take hawa kansa shi ne mai son cikakken karatun nan na shekara uku.

Akwai wani sauyi da ya ƙara wa batunmu nauyi. Shekaru da dama jarrabawar tana ɗauke da wani sashe na wasannin ƙwaƙwalwa, inda za a ce ga mutum bakwai da kujeru bakwai da sharuɗɗan zamansu, kai kuma ka zana jadawali ka warware. Masu lalurar gani a jihar Michigan suka kai ƙara cewa sashen da ba ya warwaruwa sai da zane zalunci ne a kansu, aka yi sulhu a 2019, kuma daga Agustan 2024 aka cire sashen ɗungurungum. Abin da ya rage ana ba shi maki shi ne sassa uku: ɗaya na fahimtar dogon rubutu, biyu na nazarin hujja, ban da wani sashe na gwaji da ba a lissafa shi. Ke nan kusan kashi biyu bisa uku na makin mutum yanzu ya rataya ne a kan iya warware gajerun hujjoji, kowane sashe minti 35, tambayoyi kimanin 25, wanda in aka raba bai kai minti ɗaya da rabi ga kowace tambaya ba, tare da karanta nassin da zaɓuɓɓuka biyar.

Tambayoyin sashen iri-iri ne. Akwai masu cewa a ƙarfafa hujja, da masu cewa a raunana ta, da masu neman ɓoyayyen zaton da ta dogara a kansa, da masu neman aibinta. Amma akwai wani dangi da ni nake ganin shi ne uwa ma ba da mama, ko da yake yawansa a takarda bai kai na wasu ba, wato inda ake cewa kawai: ta wace hanya marubucin ya kafa hujjarsa, ko wace rawa wannan jimla ta taka a cikin maganar, ko yaya mai magana na biyu ya amsa wa na farko. A nan ba a nemi ra'ayin ɗalibi ba, ba a kuma tambaye shi ko hujjar ta inganta ba. Siffantawa aka nema, irin wadda mai shaida yake yi a gaban alƙali. Da'awata ita ce, wanda ya ƙware a wannan ya sami mabuɗin sauran, domin babu mai iya nuna inda gini ya tsage in bai san wane bango ne yake ɗauke da rufin ba.

Bari in kawo misali da na ƙirƙira bisa salon nasu. Magajin wani gari ya ce: tun da muka kafa fitilu a titunan unguwar arewa sata ta ragu da rabi, saboda haka fitilun ne suka kori ɓarayi, sai mu kafa su a sauran unguwanni. Wata 'yar majalisar garin ta amsa: a shekarar da aka kafa fitilun nan ne masana'antar da ke gefen unguwar ta sake buɗewa, ta kwashi samari aiki. Tambaya: yaya ta amsa masa? Ɗalibin da bai horu ba yakan ji cewa ta ƙaryata shi, sai ya ruga ga zaɓin da ya ce ta musanta alƙalumansa, ko wanda ya ce ta tabbatar fitilun ba su da amfani, alhali kuwa ba ta taɓa alƙaluman ba, ba ta kuma ce fitilu ba su yi kome ba. Iyakar abin da ta yi shi ne ta gabatar da wani sababi dabam wanda shi ma zai iya bayyana raguwar satar. Zaɓin da ya faɗi haka, ba ƙari ba ragi, shi ne daidai, ko da lafazinsa ya fi sauran sanyi. Na lura cewa sanyin nan shi ne ke korar ɗalibai daga gare shi, domin rai yana son amsa mai amo.

Masu tsara jarrabawar sun ƙware wajen gina zaɓin ƙarya, kuma dabarunsu suna maimaituwa. Wani zaɓin rabinsa na farko gaskiya ne, rabinsa na biyu ya ƙara abin da bai faru ba. Wani yana siffanta wata hanyar jayayya sananniya, kyakkyawa, wadda dai ba ita aka bi a wannan nassi ba. Wani ya ɗauki shakka ya mayar da ita yaƙini, ya ce an rushe alhali girgizawa kawai aka yi. Maganin duka ɗaya ne, kuma ba shi da wani armashi: a ɗauki kowace kalma ta zaɓin a nemo mata abin da take nuni gare shi a cikin nassin. In zaɓin ya ce an kawo misali mai karya ƙa'ida, sai ɗalibi ya tambayi kansa, ina ƙa'idar, ina misalin. In ya rasa ɗaya daga cikinsu, zaɓin ya faɗi, kome daɗinsa a kunne.

Wuri na biyu da ƙafa ke zamewa shi ne rarrabe natija ta ƙarshe da natija ta tsakiya. Littattafan shiri da yawa suna koya wa ɗalibi ya farauci kalmomin da suke daidai da "saboda haka" da "domin" a harshenmu, ya ɗauka duk abin da ya biyo bayan ta farko shi ne natija. Masu jarrabawar sun san an koyar da haka, sai suka mayar da shi tarko. Dubi wannan: wasu suna cewa a riƙa rufe ɗakin karatu na gari da magariba don a rage kuɗin wuta, wannan kuskure ne, mafi yawan masu zuwa ma'aikata ne da ba su tashi aiki sai yamma, saboda haka rufewa da wuri zai hana mafi yawansu shiga. Jimlar ƙarshe ce take sanye da rawanin "saboda haka", amma ita kanta hidima take yi wa gajeriyar jimlar nan ta tsakiya, "wannan kuskure ne", wadda ba ta da wata alama a goshinta. Gwajin da ya fi aminci shi ne a jera jimlolin biyu a sa "domin" a tsakaninsu ta fuska biyu, a ga wace fuska ce ta yi ma'ana: kuskure ne domin zai hana mutane shiga, wannan ya zauna, zai hana mutane shiga domin kuskure ne, wannan bai zauna ba. Wadda ta zo kafin "domin" a jerin da ya zauna, ita ce uwar gida.

Yanzu bari in ɗan ratse zuwa gida, ba don ƙawa ba, sai don ina ganin muna da kayan aikin da za su taimaki ɗalibinmu in ya fuskanci wannan gwaji. Ilmin manɗiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kansa, har ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi yana kare halaccinsa lokacin da shi Suyuɗin yake ganin haramcinsa. Abdurrahman Al'ahdari, mai ɗan littafin ibada da kowane almajiri ya sani da suna Ahalari, shi ne kuma mai Sullamu, waƙen manɗiƙin da aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu. Imamu Gazali ma da muƙaddimar manɗiƙi ya buɗe Mustasfa, littafinsa na usulu. Daga waɗannan ne muka gaji bambancin nan tsakanin surar hujja da maddarta, wato siffar gininta da abin da aka gina ta da shi, kuma tambayoyin da muke magana a kansu ba kome suke nema ba illa a tuɓe madda a bar sura. Wannan ya fi fitowa fili a tambayar da ake ba ka hujja a kan kifi a ce ka nemo mai kama da ita, sai amsar ta kasance a kan haraji, zaɓin da ya yi maganar kifi kuwa shi ne tarkon.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne fannin ladubban bahasi da munazara, wanda ake jingina tsara shi ga Shamsuddin Samarƙandi. Malaman wannan fanni sun taƙaita abin da mai suka zai iya yi wa hujjar abokinsa zuwa uku. Ko dai ya yi man'u, ya ƙi sallama wata muƙaddima ya nemi a kafa mata dalili, wani lokaci ya haɗa da abin da ya jingina ƙin nasa a kai. Ko ya yi naƙdu, ya nuna cewa wannan dalili ɗin yana gudana a wani wuri amma hukuncin bai bi shi ba. Ko ya yi mu'arada, ya ƙyale dalilin abokinsa ya kafa nasa a kan kishiyar da'awar. Ɗalibin da ya riƙe wannan rabo, in ya karanta muhawarar mutum biyu a takardar jarrabawa, yana da tambaya a shirye tun kafin idonsa ya sauka kan zaɓuɓɓuka: muƙaddima aka taɓa, ko haɗin da ke tsakaninta da natija, ko natijar kanta? 'Yar majalisarmu ta ɗazu man'u ta yi, domin magajin gari ya ɓoye wata muƙaddima, cewa ban da fitilu babu abin da ya sauya a unguwar, ita kuma ta ƙi sallama ta, ta jingina ƙin nata da batun masana'anta. Haka nan hanyar da ake jero dukkan abubuwan da za su iya zama dalili a yi ta soke su ɗaya bayan ɗaya har saura guda, wadda take yawan fitowa a jarrabawar, ita ce malaman usulu suke kira sabru da taƙsimi, kuma rauninta a can da nan ɗaya ne, wato yiwuwar an manta da wani kashi ba a jero shi ba.

Mas'alar da ta fi kowace kayar da ɗalibai, wato rikita abin da ba makawa sai da shi da abin da shi kaɗai ya wadatar, mu tun muna yara aka warware mana ita da buta a hannu. Alwala sharaɗi ce ga salla: in babu ita babu salla, amma samuwarta ba ya nuna an yi sallar. Wanda ya ce wane ya yi alwala, ashe ya yi salla, ya mayar da sharaɗi abin da ya wadatar, kuma wannan kuskure, da tufafi dabam-dabam, yana cikin aibobin da jarrabawar ta fi tambaya. Har dabarar da masu koyar da shiri suke alfahari da ita, cewa in kana neman zaton da hujja ba ta tsayuwa sai da shi, ka kore kowane zaɓi ka ga wanne ne korewarsa ke rusa hujjar, ba wani abu ba ce face ta'arifin sharaɗi da aka juya aka mayar da shi gwaji. Sai dai a yi hattara da kalmar sababi, domin a istilahin usulu samuwarsa tana lizimta samuwa, rashinsa kuma yana lizimta rashi, alhali abin da jarrabawar ke nufi da mai wadatarwa fuska ɗaya ce kawai. Lazimi da malzumi na manɗiƙi sun fi dacewa da wurin.

Ba zan yi wa gadonmu kara in ce ya ƙoshar ba. Littattafan nan an gina su ne a kan neman yaƙini, ko a kan ƙiyasin fiƙihu, jarrabawar kuwa cike take da hujjojin rinjayen zato irin na wannan zamani: binciken da aka yi a kan mutanen da ba su wakilci jama'a ba, da rikita yawan adadi da kaso cikin ɗari, da ɗaukar cewa abu biyu da suke tafiya tare ɗaya ne ya haifi ɗaya. Na ƙarshen nan yana da dangi a bahasin dawarani na usulu, amma na farko da na biyu sai an koyo su daga ilmin ƙididdiga. Kuma majalisar da ke shirya jarrabawar ba ta bukatar kowa ya san istilahin manɗiƙi, na Larabci ko na Latin. Sunayen nan tsani ne na ɗalibi, ba za a tambaye shi su ba.

Mai tambaya zai iya cewa, mene ne haɗin wannan duka da aikin lauya? Haɗin yana cikin yadda ake koyar da shari'a a can. Tun da Christopher Langdell ya kawo hanyar karanta hukunce-hukuncen kotu a Harvard a 1870, ɗalibin shekarar farko aikinsa shi ne ya karanta hukuncin alƙali ya ware abin da hukuncin ya tsaya a kansa daga abin da alƙalin ya faɗa a kan hanya, wanda shi ne dai tambayar rawar da jimla ta taka. Edward Levi, a ɗan littafinsa na 1949 kan tunanin shari'a, ya nuna cewa ginshiƙin tsarin shi ne tafiya daga misali zuwa misali, kuma lauyan da yake son kuɓutar da wanda yake karewa daga wani tsohon hukunci yakan nuna bambancin da ke tsakanin shari'o'in biyu, abin da malamanmu za su kira ƙiyasi tare da fariƙi. Stephen Toulmin ma, a littafinsa na 1958, da zauren kotu ya kwatanta hujja baki ɗayanta. Ko jarrabawar tana auna wannan da adalci, magana ce mai tsawo. Binciken majalisar LSAC kanta yana nuna makin yana hasashen sakamakon shekarar farko, musamman in an haɗa shi da makin digiri, amma mai kaya ne yake yabon kayansa, kuma tun da Jami'ar Arizona a 2016, da Harvard a 2017, suka fara karɓar jarrabawar GRE a madadinta, an san cewa ba kowa ne ya ɗauke ta wahayi ba.

Game da yadda za a yi shiri, abin da nake ba da shawara kaɗan ne. A yi aiki da tambayoyin shekarun baya waɗanda majalisar ta fitar da kanta, domin na kwaikwayo sau da yawa ba su da daidaiton lafazi. A watannin farko a ajiye agogo. Kowace hujja aka karanta, ko da tambayar ba ta salon dalili ba ce, ɗalibi ya rufe zaɓuɓɓukan da tafin hannu, ya faɗi da bakinsa mece ce natija, me aka dogara da shi, wane motsi aka yi, cikin jimlar da babu fitila ko ɗakin karatu a cikinta. In ya yi gwaji da agogo, kada ya yi gaggawar duba amsa. Ya koma kan waɗanda ya yi shakka ya sake su a natse, domin ta haka ne zai gane ko lokaci ne ya ci shi ko fahimta. Ya kuma ajiye littafi yana rubuta dalilin da zaɓin ƙarya ya burge shi, wanda ya fi rubuta amsar daidai amfani nesa ba kusa ba. A ranar jarrabawa kuma kada ya bar gurbi, tun da ba a rage maki saboda kuskure.

Ga mai Hausa a baki akwai wata dabara ta ƙari da na ga tana aiki, wato ya mayar da hujjar cikin Hausa lokacin bita, saboda fassara ba ta yiwuwa sai an yanke shawarar wace jimla ce ke ɗauke da wace, kuma duk inda Hausar ta ƙi zama, a nan ne fahimtar ta yi rauni. Amma akwai ramuka biyu a wannan hanya. Kalmar Ingilishi da muke fassarawa da "wasu" a jarrabawar tana nufin aƙalla ɗaya, kuma ba ta kore yiwuwar duka, alhali Bahaushe in ya ce wasu sun zo, mai ji ya riga ya fahimci wasu ba su zo ba. Wanda ya shigar da wannan fahimta cikin takarda zai ciro natijar da nassin bai bayar ba. Haka kuma kalmarsu da muke mayarwa "sai in" ko "in ba": abin da ya biyo bayanta sharaɗi ne kawai, irin alwala, don haka in aka ce ba za a buɗe kasuwa ba sai in ruwa ya ɗauke, ɗaukewar ruwan ba ta wajabta buɗewa, ko da yake a maganar yau da kullum, da Hausa da Ingilishi duka, haka kunne yake ji.